Daga Urushalima Zuwa Roma: Mil Nawa, Kwana Nawa?

Darasinmu na wannan wata na Littafi Mai Tsarki ne, na lissafi kuma. Muna roƙon shugabannin aji su sa a karanta Ayyukan Manzanni sura 27 da 28 a gaban jama'a kafin a soma. Wanda ya ke da taswira a bayan Littafinsa, sai ya buɗe ta, ya sa yatsa ɗaya a kan Urushalima, ɗaya kuma a kan Roma. A takarda, tsakaninsu bai kai taƙi ɗaya ba. Jirgin sama ya kan cinye wannan nisa tsakanin hantsi da azahar. Manzo Bulus kuwa, daga ran da aka kama shi a Urushalima zuwa ran da ya shiga Roma, ya yi kusan shekara uku. Muna so mu bincika dalilin wannan daɗewa, mu ga kuma ko hasara ce.

1. Nisan ƙasa

In aka ja zare a miƙe daga Urushalima zuwa Roma, tsawonsa ya kai mil 1,430, watau kilomita 2,300. Domin mu gane girman wannan, mu kwatanta shi da abin da mu ka sani. Daga Kano zuwa Ikko a miƙe kamar mil 520 ne. Nisan da mu ke magana a kai ya kusa ninka wannan sau uku. Ya yi kusan daidai da nisan Kano zuwa Tarabulus, hanyar da fatake na dā su ka riƙa bi da raƙuma ta Damagaram da Agadas da Gat, suna yin watanni kafin su ga teku.

Masu tuƙin jirgi ba a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira su ke awon nisa ba, gama duniya dunƙulalliya ce kamar lemo. A kan dunƙulen taswira a ke jan zaren. In mun ja shi haka, za mu ga ya bar gaɓar ƙasar Isra'ila, ya hau kan Bahar Rum, ya bi ta kusa da tsibirin Rodusa, ya wuce kusa da Atina da Koranti, sa'an nan ya ƙetare zuwa Italiya. Ku riƙe sunan Koranti, za mu komo kansa.

Jiragen da ke zuwa Roma ba daga cikin Urushalima su ke tashi ba. Babban filin jirgin ƙasar yana kusa da Lod, kamar mil 30 daga Urushalima. Lod ɗin nan ita ce Lidda, inda Bitrus ya warkar da Iniyasu shanyayye (Ayyukan Manzanni 9:32-35). An gina filin a shekarun 1930, sa'ad da Ingila ke mulkin ƙasar, a 1973 kuma aka sa masa sunan Ben Gurion, firayim ministan Isra'ila na fari. A can Italiya jirgi ya kan sauka a Fiyumicino, a bakin teku, kamar mil 20 daga Roma. An buɗe wannan fili a 1961. Yana daura da tsohuwar tashar jiragen ruwa wadda Kaisar Kalaudiyas ya soma ginawa a shekara ta 42, har masu haƙa ƙasa domin aikin filin su ka tono jiragen ruwa na Romawa a binne.

2. Sa'o'in jirgin sama

Lissafin ba wuya. A kan raba nisa da gudu, a sami lokaci. Jirgin fasinja ya kan hau sama kamar ƙafa 35,000, yana gudun mil 500 a sa'a ɗaya. Raba 1,430 da 500, za ka sami sa'a uku ba kaɗan. Amma jirgi ba ya soma wannan gudu tun daga ƙasa. Sai ya gangara zuwa bakin fili, ya jira izini, ya hau a hankali, ya kuma sauko a hankali. Wani lokaci a kan sa shi ya karkata daga miƙaƙƙen layi saboda hadari ko saboda waɗansu jirage. Don haka tafiya daga Lod zuwa Fiyumicino ta kan ci sa'a uku da rabi zuwa huɗu.

Wannan lissafin tikiti ne kaɗai. Matafiyi ya kan ƙara lokacin zuwa filin jirgi, da sa'a biyu ko uku na binciken fasfo da kaya, da lokacin shiga birni bayan sauka. In an haɗa duka, sa'a takwas ko tara ke nan. Mutum ya iya karya kumallo a Urushalima, ya ci abincin dare a Roma.

Akwai kuma zancen agogo, wanda ya kan ruɗe waɗanda ba su saba ba. Duniya tana juyawa zuwa gabas, don haka gari ya kan waye a Urushalima kafin ya waye a Roma. Agogon Roma yana bayan na Urushalima da sa'a ɗaya. In jirgi ya tashi ƙarfe 8 na safe, ya yi sa'a huɗu a sama, matafiyi zai tarar agogon Roma yana cewa ƙarfe 11. Ba a ƙara masa rai da sa'a ɗaya ba. Ran komowa zai biya bashin.

Ga wani abu kuma da ya kamata mu lura da shi. Zuwa Roma ya fi komowa daɗewa da minti ashirin ko talatin, ko da ya ke nisan ɗaya ne. Dalili shi ne, a can sama inda jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga yamma zuwa gabas. A lokacin sanyi ta kan wuce gudun mil 100 a sa'a. Mai zuwa yamma yana karo da ita, mai zuwa gabas kuwa tana tura shi daga baya. Ashe har yau, da dukan ƙarfin inji, wanda ya nufi Roma daga gabas yana biyan kuɗin iska.

3. Shekarun Bulus

Yanzu mu koma Koranti. A nan ne Bulus ya rubuta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, wajen shekara ta 57. A cikinta ya gaya musu ya daɗe yana marmarin zuwa wurinsu, an kuwa sha hana shi. Ya kuma shimfiɗa musu shirinsa: zai kai gudummawa ga matalautan masu bi na Urushalima, sa'an nan ya biyo ta Roma, su raka shi zuwa Asbaniya (Romawa 15:22-29). Shiri ne mai kyau, na mutum mai hankali. Jirgin sama ya kan wuce bisa wannan yanki a tsakiyar tafiyarsa, sauran sa'a biyu ya sauka. Ga Bulus, sauran shekara uku ne.

Da ya isa Urushalima, tarzoma ta tashi a Haikali, sojan Roma su ka kama shi. Da dare Ubangiji ya tsaya kusa da shi, ya ƙarfafa shi, ya tabbatar masa zai yi shaida a Roma kamar yadda ya yi a Urushalima (23:11). Ku lura, an gaya masa inda za shi, ba a gaya masa ranar isa ba. Kashegari mutum fiye da arba'in su ka yi rantsuwa ba za su ci ba, ba za su sha ba, sai sun kashe shi. Ɗan 'yar'uwarsa ya tona asirin. Aka fitar da shi da dare da rakiyar soja 470, aka bi da shi ta Antibatiris zuwa Kaisariya a bakin teku, tafiyar kamar mil 70.

A Kaisariya tafiya ta tsaya cik. Gwamna Filikus ya riƙa kiransa suna zance, yana sa rai Bulus zai ba shi toshi. Bulus bai bayar ba. Shekara biyu cur ya yi a tsare, ga jirage suna shiga suna fita a tashar garin. Da Fastus ya gaji Filikus, Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, gama shi ɗan ƙasar Roma ne. Haka ya sami hanyar zuwa Roma, amma da sarƙa.

4. Watanni a teku

Yawancin masana suna sa wannan tafiya a shekara ta 59 zuwa 60. An danƙa Bulus ga wani jarumi mai suna Yuliyas, watau shugaban soja ɗari. Luka da Arastarkus su ka tafi tare da shi. Jiragen zamanin ba su da inji, iska ce ke tura manyan filafilansu. A gabashin Bahar Rum kuwa, da bazarar ƙasar, iska daga yamma da arewa maso yamma ta ke busowa. Ba ita ce iskar can sama da mu ka ambata ba, amma aikinsu ɗaya ne, dukansu suna tare mai zuwa yamma. Wani marubucin Romawa mai suna Filini ya ba da labarin jirgin da ya isa Iskandariya daga Butiyoli ta Italiya cikin kwana tara. Komowa kuwa, wata biyu ba abin mamaki ba ne.

Saboda haka jirgin Bulus bai iya miƙewa yamma ba. Ya yi arewa zuwa Sidon, ya raɓa bayan tsibirin Kubrus, ya isa Mira. Can su ka sake jirgi, su ka shiga wani babba na Iskandariya mai kai alkamar Masar zuwa Italiya. Mutum 276 ne a cikinsa, fiye da abin da yawancin jiragen sama na wannan hanya ke ɗauka. Su ka yi kwanaki suna jan jiki har kusa da Kinidas. Iska ta hana su ci gaba, su ka gangara kudu, su ka fake da tsibirin Karita, har su ka isa wani mashigi da a ke kira Amintacciyar Mafaka.

Luka ya ce ranar Azumi ta riga ta wuce, watau Ranar Kafara, wadda ta kan faɗo a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A wurin Romawa, tafiyar teku daga tsakiyar Satumba kasada ce, daga tsakiyar Nuwamba kuwa a kan daina ta har sanyi ya wuce. Bulus ya riga ya ga fashewar jirgi sau uku (2 Korantiyawa 11:25). Ya gargaɗe su su tsaya. Amma Yuliyas ya fi jin maganar matuƙi da mai jirgin, yawancin mutane kuma su ka so a matsa zuwa wata tashar da ta fi daɗin zaman sanyi, a tsibirin nan dai, ba ta fi mil 50 ba. Da wata iska mai laushi ta taso daga kudu, su ka ce shi ke nan, buƙata ta biya.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ba su yi nisa ba sai guguwa ta auko musu daga arewa maso gabas, wajen da hunturu ke fito mana. Su ka ɗaure jirgin da igiyoyi ta ƙarƙashi don kada ya tsage. Su ka ji tsoron yashin Sirtis a gaɓar Libiya. Su ka zubar da kaya. Kwana da kwanaki ba rana, ba tauraro, su ne kuwa ma'aunin hanya a wannan zamani. A dare na goma sha huɗu ma'aikatan jirgi su ka auna zurfin ruwa, su ka sami gaba ashirin, su ka sake aunawa, gaba goma sha biyar. Su ka saki anka huɗu, su ka jira wayewar gari. Da safe jirgin ya kafe a yashi, raƙuman ruwa su ka farfasa shi. Dukan mutum 276 su ka fita da rai a tsibirin Malita.

A shekara ta 1848 wani mutumin Sikotilan mai suna James Smith, gwanin tuƙin jirgin ruwa, ya buga littafi a kan wannan tafiya. Ya auna daga ɗan tsibirin Kauda, kusa da Karita, zuwa Malita, ya sami kamar mil 550 irin na ƙasa. Ya lissafta yadda iska irin wannan za ta kora babban jirgi, ya ga zai ci kwana goma sha uku da 'yan kai. Lissafinsa ya zo daidai da na Luka. Jirgin sama ya kan ƙetare wannan mil 550 cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci.

Wata uku su ka yi a Malita. Sa'an nan su ka shiga jirgi na uku, su ka kwana uku a Sirakusa, su ka tsaya a Rigiyum. Iskar kudu ta taso, a rana ta biyu su ka isa Butiyoli, tafiyar mil 200 ko fiye. Kun ga abin da iska mai kyau ke yi. Bayan kwana bakwai tare da 'yan'uwa a can, su ka kama hanyar ƙasa, kamar mil 130, zuwa Roma.

To, mu haɗa lissafi. Daga Kaisariya zuwa Roma, wata shida ko bakwai, hanyar kuwa ta fi mil 2,000 saboda kewaye. Daga kamu a Urushalima zuwa shiga Roma, kusan kwana 1,000. Raba mil 1,430 da kwana 1,000, za ka sami mil ɗaya da rabi a yini, da ƙyar. Tsohuwa mai dogara sanda ta fi wannan sauri.

5. Abin da aka samu a hanya

In da lissafi kaɗai za mu yi hukunci, sai mu ce an ɓata wa babban manzo shekara uku. Amma mu ƙidaya waɗanda su ka ji bishara cikin waɗannan shekaru. Taron jama'a a Urushalima sun ji. Majalisar Yahudawa ta ji. Filikus da matarsa Durusila sun ji wa'azi a kan adalci da kamunkai da hukunci mai zuwa, har Filikus ya tsorata. Fastus ya ji, sarki Agaribas da Barniki sun ji, tare da manyan Kaisariya. Wace ƙofa Bulus zai ƙwanƙwasa a tara masa waɗannan, in ba sarƙa ta kawo shi gabansu ba?

A cikin jirgi, ɗaurarre ne ya zama mai ƙarfafa mutane. Shi ya gaya musu ba ran da zai salwanta, shi ya tona wa ma'aikatan jirgi asiri sa'ad da su ka so su gudu, shi ya ɗauki gurasa ya yi godiya ga Allah a gaban kowa. Sa'ad da soja su ka yi shawara su kashe ɗaurarru, Yuliyas ya hana, domin yana so ya ceci Bulus. Ran mutum ɗaya ya jawo wa sauran tsira.

Malita kuwa ba ta cikin shirin kowa. Ba ta cikin wasiƙar Romawa, ba ta cikin tunanin matuƙi. Amma can Bulus ya yi addu'a ga mahaifin Babiliyas, shugaban tsibirin, wanda ke fama da zazzaɓi da atuni, ya warke. Sauran marasa lafiya su ka zo, su ma su ka warke. Har yau mutanen Malta suna hutu kowace ran 10 ga Fabrairu domin tunawa da fashewar jirgin nan. Harshensu dangin Larabci ne, a cikin sujadarsu kuma Alla su ke kira, kamar mu.

Masana da yawa suna ganin a Roma ne Bulus ya rubuta wa Filibiyawa. A can ya gaya musu abin da ya same shi ya zama sanadin ci gaban bishara, har dogaran fada sun san saboda Kristi a ke tsare da shi (Filibiyawa 1:12-14). Wanda ya sha wahalar ne da kansa ya yi wannan lissafi, ba mu ba.

Ba mu ce jirgin sama mugun abu ne ba. Kyauta ce, muna godiya ga Allah dominta. Ta wurinsa a ke kai likita da magani da mai bishara inda dā sai an yi watanni. Sai dai mu san abin da ya ke iyawa, da abin da ba ya iyawa. Daga ƙafa 35,000 a kan hangi tsibiri kamar ƙwayar gero a faifai. Ba a ganin mahaifin Babiliyas a kwance.

6. Har yau ba sa'a huɗu ba ce ga kowa

Kada mu rufe taswirar tukuna. Sa'a huɗu ɗin nan ta mai fasfo ce, da biza, da kuɗin tikiti. Wanda ba shi da su, nisan Italiya a gare shi har yau na watanni ne. Samari da 'yammata da yawa daga Afirka ta Yamma sun bi ta Agadas, sun ƙetare hamada zuwa Libiya, sun shiga kwalekwalen roba a gaɓar nan da ma'aikatan jirgin Bulus su ka ji tsoro. A shekara ta 2016, a cikin waɗanda su ka sauka Italiya ta teku, 'yan Nijeriya ne su ka fi kowa yawa. Ran 3 ga Oktoba 2013 wani jirgi ya nutse kusa da tsibirin Lamfedusa, kamar mil 100 daga Malta, mutum fiye da 360 su ka mutu. Hukumar ƙaura ta duniya ta ƙidaya fiye da mutum 20,000 da su ka mutu ko su ka ɓata a wannan yankin teku daga 2014 zuwa 2023.

Shawarar Amintacciyar Mafaka ce a ke maimaitawa. Akwai mai jirgi wanda ribarsa ya ke dubawa. Akwai jama'a masu cewa kowa yana tafiya. Akwai iska mai laushi, watau hoton wani ɗan gari da ya isa, yana sanye da sabuwar riga. Akwai kuma muryar mai gargaɗi, wadda ba a so a ji. Kada wani ya kafa hujja da Bulus ya ce, ai shi ma ya ƙetare da rai. Bulus bai sayi wurin zama a jirgin nan ba, ɗaure aka sa shi, shi ne kuma ya ce kada a tashi. Alkawarin da mala'ika ya kawo masa ba izini ba ne ga kowa ya jefa kansa cikin ruwa. Dattawan ekklesiya, in kun ji yaro yana sayar da gona ko keke domin wannan tafiya, ku yi magana tun jirgi yana mashigi. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

7. Abin da za mu ɗauka

'Yan'uwa, zamaninmu ya koya mana auna kome da sauri. Har waɗansu masu wa'azi suna koyar da cewa in addu'a ta kwana ba amsa, to, akwai zunubi, ko an yi wa mutum asiri. Wannan koyarwa ta kai waɗansu ƙofar boka. Labarin Bulus ya ƙaryata ta. Ubangiji da kansa ya yi masa alkawarin Roma, duk da haka ya yi shekara biyu a tsare, da kwana goma sha huɗu cikin guguwa.

Muna tunawa da mai bishara da aka aika wani ƙauye, ya shekara uku bai ga ko mutum biyar ba, yana so ya naɗe tabarmarsa. Muna tunawa da miji da mata masu jiran haihuwa, da ɗan makaranta da ya gama karatu ba aiki, da wanda shari'arsa ta daɗe domin ya ƙi ba da toshi. Ba mu ce jira yana da daɗi ba. Luka bai ɓoye cewa sun kai ga fid da zuciya ba. Bulus ma, da ya ga 'yan'uwan Roma sun fito taryensa har Kasuwar Abiyus, tafiyar mil 40, sai ya yi godiya ga Allah, ya sami ƙarfin zuciya. Wanda ya sami ƙarfi, ai dā ma yana bukatarsa. Don haka akwai aiki biyu a gabanmu. Mai jira ya dubi waɗanda Allah ya sa kusa da shi a wurin jiran, ya yi musu shaida da hidima, kamar yadda Bulus ya tsinci itace domin wutar da a ke jin ɗumi a Malita. Sauran ekklesiya kuma su fita taryen mai jira, kada su zauna sai ya iso.

Mu kuma rarrabe jinkiri biyu. Akwai wanda Allah ya sa, akwai na ragwanci. Bulus bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya aika ɗan 'yar'uwarsa wurin shugaban soja, ya kāre kansa a gaban mahukunta, ya ɗaukaka ƙara sa'ad da ya ga za a bashe shi. Duk ƙofar da ta halatta ya taɓa ta. Ƙofa ɗaya ce ya ƙi, ta toshi, ko da ya ke ita ce mafi kusa.

Tambayoyi domin aji

1. Mil nawa ne tsakanin Urushalima da Roma? Sa'a nawa jirgin sama ya kan yi?
2. Don me zuwa Roma ya fi komowa daɗewa, a teku da a sama?
3. Ku nuna a taswira wuraren da Bulus ya tsaya daga Kaisariya zuwa Roma.
4. Me Filikus ya ke so daga wurin Bulus? Da Bulus ya bayar, me zai samu, me kuma zai rasa?
5. Su wa su ka ba da shawara a Amintacciyar Mafaka? Me ya sa aka ƙi ta Bulus?
6. Wa ke cikin jira a ekklesiyarku yanzu? Wa zai je wurinsa cikin makon nan?

Ayar haddacewa ita ce Ayyukan Manzanni 23:11. A rufe aji da addu'a domin matafiya ta ƙasa da ta ruwa da ta sama, da ɗaurarru, da iyayen da 'ya'yansu su ka tafi ba labari, da masu bishara a wurare masu wuya. A roƙi Ubangiji ya ba mu haƙuri inda ya ce mu jira, ya ba mu himma kuma inda ya ce mu tashi.